Likita ya ce a yi wa jijiyoyin ƙafata aiki, ni kuma na ga yadda mahaifiyata ta sha

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 41, 'ya'yana huɗu, koyarwa nake yi, wuni nake a tsaye gaban allo. Tun cikina na biyu jijiyoyi suka fara fitowa a ƙafata ta hagu. Yanzu sun kumbura sun kanannaɗe daga cinya har ƙwauri, kamar an cusa igiya a ƙarƙashin fata. Da yamma ƙafar sai ta yi nauyi kamar ba tawa ba, cikin dare kuma nama ya ɗaure. Wata shida ke nan saman idon sawuna ya fara duhu yana ƙaiƙayi. Na shafa mayuka iri-iri, na sayi safa mai matsewa, shiru kake ji. Likita ya duba ya ce in yi hoto, wataƙila sai an yi aiki. Mahaifiyata an yi mata tiyatar nan da daɗewa, ta sha jinya, bayan wasu shekaru jijiyoyin suka dawo. Maigidana ya ce tunda ina takawa in haƙura, kyan ƙafa ne kawai ya ɓaci. Ba ni da ciki, ba na kuma shirin wani. Anti, in an toshe jijiya ina jinin zai bi? In kuma za ta dawo, mene ne amfanin wahalar?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya kawo sauƙi.

Duk cikin wasiƙarki wuri ɗaya ne ya tsayar da ni, inda kika ce saman idon sawu ya yi duhu yana ƙaiƙayi. Ba don shi ba, da na ce zaɓi naki ne, ki yi aiki ko ki bari, domin mutane da yawa suna tsufa da kumburarrun jijiyoyinsu ba tare da sun cutar da su ba. Abin ya zama ruwan dare, ana ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin uku na manya yana da su. Amma fata in ta fara sauya launi a wannan wuri, magana ta wuce ta kyan ƙafa. Duhun nan jini ne da ya daɗe yana taruwa a ƙasa, har matsinsa ya sa ya riƙa tsattsafowa daga ƙananan jijiyoyi, sinadarin ƙarfe da ke cikinsa ya zauna a fata ya rina ta. In aka bari, wurin yakan bushe, ya yi tauri, ya tsuke, wata rana ɗan ƙwarzane ya zama gyambo mai ƙin warkewa. Ba kowa ba ne yake kaiwa can, amma ke kin hau hanyar. Saboda haka ki je ki yi hoton nan, kada ki ƙara ɗaga shi.

Bari in fara da tambayar da ta fi hana ki barci, inda jini zai bi. Sauka ƙafa ba wuya ga jini, zuciya tana turo shi, nauyinsa ma yana taimakawa. Komawa sama ita ce aiki. Abu biyu ne ke mayar da shi. Na farko naman dambubu, wanda duk taku ɗaya da kika yi yake matse jijiyoyi ya cilla jini sama. Na biyu wasu 'yan ƙyamare ne a cikin jijiya, masu buɗewa in jini zai hau, su rufe in zai dawo. Jijiyoyin mayar da jini kuma kashi biyu ne: na ciki, waɗanda ke lulluɓe a tsakiyar nama, su ne ke ɗauke da kusan kashi tara cikin goma na jinin ƙafa, sai na kusa da fata, masu ɗan abin da ya rage. A cikin na kusa da fata akwai wata doguwa da ta taso daga idon sawu ta bi ta gefen ciki na ƙwauri da cinya har mahaɗar cinya da mara, ita ce jijiya mafi tsawo a jikin mutum, ita ce kuma ta fi lalacewa. Gado, ciki, shekaru, ƙiba da doguwar tsayuwa duk suna sa ƙyamarenta su saki, ke kuwa uku daga ciki sun haɗu a kanki. In suka saki, jinin da na ciki suka wahala suka hau da shi sai ya zubo ta wannan jijiya ya koma ƙasa. Kamar mai kwashe ruwa daga ɗaki ne, wani yana mayar masa da shi ta taga. Ke nan jijiyar da kike tsoron a toshe ta riga ta daina yi miki aiki tuntuni, aiki ma take ƙara wa sauran. Toshe ta rufe tagar nan ne.

Sharaɗi ɗaya ne, sai na cikin suna da lafiya, shi ya sa hoto ya zama dole kafin komai. Sikanin ne irin na masu ciki, ba allura, ba zafi. A tsaye ake yi, domin a kwance matsalar ɓuya take yi. Za a shafa miki mai santsi, a ɗora na'ura a cinya, mai hoton ya matse dambubunki ya saki yana kallon allo. Jini zai hau, in ƙyaure lafiyayye ne ya rufe nan take, in ya lalace a ga jinin yana dawowa. Dawowar da ta wuce rabin daƙiƙa ita ake ɗauka lalacewa. A nan za a gane wace jijiya ce tushen abin, ina ta fara yoyo, ko miƙaƙƙiya ce ko murɗaɗɗiya, ko kuma akwai tsohon daskararren jini a na ciki. Duk wanda ya ce zai yi wa ƙafarki allura ko wani aiki bai ga wannan hoto ba, ki ɗauki jakarki ki fita. Waɗannan da kike gani a fata rassa ne, in ba a tare tushen ba sai su sake tohowa.

Safar da kika saya ba ta yaudare ki ba, an dai ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Safa tana rage nauyi da kumburi muddin tana ƙafa, ba ta gyara ƙyauren da ya saki. Ina kuma zargin ba a auna ki ba kafin ki saya. Ana auna kaurin idon sawu da na dambubu, da safe, kafin ƙafa ta kumbura, sannan likita ya zaɓi ƙarfin matsi, lambobin nan da za ki gani a kwali kamar 20 zuwa 30. Ana saka ta kafin a sauko daga gado: ki juye ta baibai har diddige, ki zura tafin ƙafa, sannan ki riƙa jawo ta sama a hankali ba tare da ta naɗe ba, don in ta naɗe a ƙasan gwiwa ta zama ɗauri, ta ƙara ɓata abin. Da dare a cire. Bayan wata uku zuwa shida ta saki, sai sabuwa. Masu ciwon suga da tsofaffi da masu shan taba, a fara auna ko jini yana sauka ƙafarsu sosai, domin matse ƙafar da jini bai ishe ta ba haɗari ne. Hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Birtaniya ƙa'idojin magani, a ƙa'idar da ta fitar a 2013, ta ce kada a tsayar da mutum a kan safa a matsayin magani sai in aiki ba zai yiwu a kansa ba. Wasu likitocin a wasu wurare sukan sa a fara gwada ta na 'yan watanni. Ko ta wace hanya, ga mai fatar da ta fara sauyawa, safa madogara ce kafin ranar aiki. (Masu ciki da ke karanta wannan, ku safar ce taku. Ba a yin aiki da ciki sai da wata babbar larura, kuma jijiyoyin sukan ragu da kansu 'yan watanni bayan haihuwa.)

Mayukan kuwa, ki daina zuba kuɗinki. Babu man da ke ratsa fata ya je ya ɗinke ƙyaure. Abin da fatar idon sawunki ke so shi ne mai marar turare da zai hana ta bushewa, in ƙaiƙayin ya yi yawa likita ya rubuta miki na ƙaiƙayi na ɗan lokaci. Akwai ƙwayoyi irin su Daflon da ke rage wa wasu nauyi da tsamin ƙafa, amma jijiyar tana nan yadda take.

Yanzu ga maganar mahaifiyarki. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle, ban ga laifinki ba. Tiyatar da aka yi mata tsohuwa ce, tun farkon ƙarni na 20 ake yin ta, wani likitan Amurka mai suna Babcock ya bayyana irin tasa a 1907. Ana sa mutum barci ko a kashe rabin jikinsa, a yanka mahaɗar cinya, a ɗaure jijiyar, a zura waya cikinta a zare ta ɗungurungum. Har gobe ana yi, kuma tana aiki, musamman in jijiyar ta yi girma ainun, ko ta murɗe yadda bututu ba zai wuce ba, ko asibitin ba shi da sababbin na'urori. An ma sassauta ta, yanzu galibi iyakar gwiwa ake zarewa don kada a taɓa jijiyar ji da ke kwance kusa da ita a ƙwauri. Sai dai tana barin kwanciyar jini da tsami, mutum yakan yi mako biyu zuwa uku kafin ya koma aiki sosai. A jerin hanyoyin aiki uku da NICE ta jera bisa fifiko, ita ce ta uku.

Ta farko ita ce rufe jijiyar daga ciki da zafi, ko da leza, wato wani haske mai ƙuna, ko da wata na'ura mai igiyar rediyo. Tun wajen 1999 aka fara, don haka ba sabon gwaji ba ne. Bari in kai ki ɗakin ki ga yadda ranar take. Da ƙafarki za ki shiga, ki kwanta, idonki biyu. Za a wanke ƙafar, a kashe wani ɗan wuri kusa da gwiwa, a huda jijiyar da allura ana kallo ta sikanin, a zura siririn bututu ya bi cikinta har kusa da mahaɗar cinya. Ba za ki ji tafiyarsa ba, sai ɗan taɓi. Daga nan sai wurin da kowa ke ƙorafi a kai: allurai a jere a tsawon cinya, ana ɗura ruwan kashe zafi mai yawa kewaye da jijiyar. Yana da ɗan raɗaɗi da jin cika, kamar ana hura cinyar. Ki daure, ruwan nan aiki uku yake yi, yana kashe ciwo, yana matse jijiyar ta manne wa bututun, yana kuma kare fata da nama daga ƙuna. Sai a kunna na'ura. Irin ta rediyo da aka fi amfani da ita tana dumama santimita 7 a lokaci guda, zafin digiri 120, na daƙiƙa 20, a ja baya a sake. Ta leza jan ta ake yi sannu a hankali. Jijiyar ta tsuke ta rufe, jiki kuma ya shanye ta cikin watanni. In a wannan lokaci kin ji zafi, ki yi magana, ƙarin ruwa ake bukata, jarumta ba ta da amfani a nan. Duka-duka abin bai cika wuce awa ɗaya ba. A naɗe ƙafar ko a sa safa, a ce tashi ki taka. Ranar za ki koma gida, amma wani ya tuƙa ki.

Kwanakin da ke biye su ne ba a cika faɗa wa mutane ba. Cinyar za ta yi shuɗi-shuɗi ko baƙi-baƙi. Wajen kwana biyar zuwa goma za ki ji kamar an ja wata tsirkiya a cikin cinya, musamman in kin miƙe ƙafa. Jijiyar ce ke tsukewa, ba wani abu ya lalace ba, maganin ciwo na yau da kullum ya isa. Tafiya ita ce maganinki, kullum, sau da yawa, ba kwanciya ba. Yawancin mutane cikin 'yan kwanaki suke komawa aiki, amma ke mai wuni a tsaye, ki nemi mako guda, ko ki sa a yi lokacin hutun makaranta. Safar bayan aiki ba ta daɗewa, a ƙa'idar NICE ba ta wuce kwana bakwai ba. Fiye da tara cikin goma na jijiyoyin da aka rufe haka suna zama a rufe.

Ta biyu allurar kumfa ce. Abin kallo ne: likita ya ɗauki sirinji biyu haɗe da ɗan famfo, ɗaya da magani, ɗaya da iska, ya riƙa tura su gaba da baya har ruwan ya zama farar kumfa mai kauri. Ya ɗura ta a jijiya yana bin ta da sikanin. Kumfar ta kore jini, ta ƙone bangon ciki, jijiyar ta manne. Ba yanka, ba jerin allurai, minti kaɗan an gama. Ta fi kyau a kan rassa murɗaɗɗu da jijiyoyin da suka dawo bayan tiyata. Aibinta, sau da yawa sai an maimaita, kuma ta fi sauran sake buɗewa. Wani bincike da aka yi a Birtaniya kan mutum 798, da aka bi su shekara biyar aka fitar da sakamako a 2019, ya nuna waɗanda aka yi wa leza ko tiyata sun fi na kumfa jin daɗin ƙafarsu. Tana kuma barin dunƙule masu tauri na wasu makonni, da layin duhu a fata wanda kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin ya dushe, masu duhun fata su suka fi lura da wannan. In kina ciwon ɓarin kai ki faɗa tun kafin a fara, domin wasu sukan ga hazo-hazo a ido na 'yan mintoci bayan allurar.

Akwai kuma gam na asibiti, VenaSeal, da Amurka ta amince da shi a 2015. Ana ɗiga shi cikin jijiya a danne ta rufe, ba a dumama ta, don haka babu jerin alluran nan. Sai dai gam ɗin yana zama a jiki, wasu fatarsu kan yi ja ta kumbura a kansa, kuma bai kai sauran daɗewa a hannun likitoci ba. Rassan da suka kanannaɗe kuwa, ko a bi su da kumfa, ko a cire su ta 'yan huji ƙanana da wata ƙugiya, hujin da ko ɗinki ba ya bukata. Ki tambaya ko rana ɗaya za a haɗa da babban aikin ko sai daga baya, kada ki tashi ki ga igiyoyinki suna nan ki zaci an cuce ki.

Za ta dawo? Ba zan ɓoye miki ba, tana iya dawowa. Ana gyara jijiyar da ta lalace ne, ba a canza jikin da kika gada. Bayan tiyata ana ƙiyasta mutum 10 zuwa 30 cikin ɗari suna sake ganin wasu, sababbin hanyoyin ma ba su kuɓuta ba. Amma ki duba lissafin da kyau. Shekarun da mahaifiyarki ta yi ƙafarta sakayau kafin su dawo, riba ce ta ci. Waɗanda suka dawo kuma sau da yawa da allurar kumfa ake maganinsu. Abin da za ki sa rai da shi: nauyin yamma da ɗaurewar dare su ragu sosai, ƙaiƙayi ya lafa, fata ta daina lalacewa. Duhun da ya riga ya zauna yana iya dushewa kaɗan, amma kada ki sa rai zai goge tas. Wani dalili ke nan na rashin jinkiri. Ko ga waɗanda gyambo ya riga ya fito, wani bincike na 2018 a Birtaniya kan mutum 450 ya nuna waɗanda aka rufe wa jijiya cikin mako biyu sun warke a wajen kwana 56, waɗanda aka jinkirta wa kuma kwana 82.

Haɗarin da ya fi muhimmanci shi ne daskarewar jini a jijiyoyin ciki. Bai cika faruwa ba, kusan ɗaya cikin ɗari ne ko ƙasa da haka, amma ki san alamunsa: dambubu ya kumbura gaba ɗaya, ya yi zafi, ya yi tauri, ko numfashi ya sarƙe, ko ƙirji ya soke. Wannan asibiti ne a take, ko ƙarfe nawa ne. Ki gaya wa likita in kina shan ƙwayar tazarar haihuwa, ko maganin tsinka jini, ko wani a danginku ya taɓa samun daskarewar jini, ki kuma tambaye shi kafin ki yi doguwar tafiya a makonnin farko. Wasu sukan ji wani ɗan yanki na fata ya mutu ko yana tsira-tsira, yawanci yana dawowa cikin watanni.

Kafin ranar aiki, ga abu ɗaya da nake so kowa a gidanku ya sani. Fatar da ke kan kumburarriyar jijiya sirara ce, ƙaramin bugu na iya fasa ta, jini kuma ya yi tsartuwa ya firgita mutane. Kada ki tsaya a tsaye, kada ki zauna ƙafa a ƙasa, kada a ɗaure cinya da igiya. Ki kwanta, ki ɗaga ƙafar sama da ƙirjinki, a danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba, sannan a tafi asibiti a ranar ko da ya tsaya. Kada kuma ki bar kowa ya tsaga ko ya huda su da sunan fitar da mataccen jini. A aji, tsayuwa wuri ɗaya ita ce abokiyar gabarki, ba tafiya ba. Ki riƙa zagayawa tsakanin kujeru, in kina rubutu a allo ki riƙa ɗaga diddige kina saukewa, dambubun ya yi aikinsa. In kin dawo gida, minti goma sha biyar a kwance, ƙafa bisa matashi biyu.

Maigida kuwa, ban ce ya ƙi ki ba ne, abin da ido ke gani yake faɗa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada ki tsaya jayayya da shi a kan igiyoyin cinya. Da yamma in kin dawo, ki nuna masa idon sawun hagu kusa da na dama, ki danna yatsa a wurin ya ga ramin da yake bari. Ranar hoto kuma ku tafi tare, ya tsaya bayan mai sikanin ya ga jinin yana dawowa da idonsa. In likita ya gama bayani, ki tambaye shi wace jijiya ce ta saki, ko na ciki lafiya suke, wace hanya ya zaɓa miki da dalilinsa, da kuma sau nawa yake yin irin wannan aiki a wata. In kin samu sakamakon, ki sake rubuto mini.